Gidan 'Yartsanar Sarauniya Mary: Gwaninta Ce ko Ɓarnar Dukiya?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga kafintoci da telolin da ke cikinmu. A fadar Windsor ta Ingila akwai wani gidan 'yartsana da aka yi wa Sarauniya Mary, matar Sarki George na Biyar, wato kakar marigayiya Sarauniya Elizabeth. An fara shi a 1921, aka gama a 1924. Tsayinsa kamar ƙafa 5 ne, faɗinsa ya ɗan haura ƙafa 8, amma a ciki akwai wutar lantarki, da famfon ruwan zafi da na sanyi, da lif mai hawa da sauka, har da masai irin wanda ake jan ruwa ya wanke. Mutum wajen 1,500 suka sa hannu a aikin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, lokacin da aka miƙa mata gidan ta haura shekara 55. Me babbar mace za ta yi da gidan 'yartsana? Kuma da gaske hannu ne ya yi waɗannan abubuwa?

Bashir:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna Maman Sadiq. Wuta da ruwan famfo tun 1924? Ni da nake ɗan Adam yanzu haka wayata tana wurin mai caji, kuma tun safe nake leƙen mai kurar ruwa. A tambaya mini ko suna ba da haya.

Malam Nasiru:
Kai Bashir ba ka rabo da barkwanci. Ni abin da na gani a nan almubazzaranci ne tsagwaronsa. Ku duba shekarun mana. A 1918 aka gama yaƙin duniya na farko, ƙasar cike da marayu da matan da aka kashe wa mazaje, ga sojojin da suka dawo wani ba ƙafa wani ba hannu, kuma ba aikin yi. A cikin wannan hali aka tara gwanaye shekara uku suna ƙera wa mace ɗaya abin wasa. Ban ga abin yabo ba.

Injiniya Kabiru:
Allah ya gafarta Malam, bari in sa baki, don mu masu zanen gine-gine mun san gidan nan ta dalilin wanda ya zana shi. Sunansa Edwin Lutyens, kuma a daidai lokacin shi ne ke kan aikin gina sabon birnin Delhi. Fadar da shugaban ƙasar Indiya ke zaune a ciki yau zanensa ce. Gimbiya Marie Louise, jikar Sarauniya Victoria, ita ta kawo shawarar, don ta san Mary mace ce mai son tara ƙananan kayan ƙawa. Lutyens kuma bai ɗauki abin da wasa ba. Ya sa doka ɗaya: duk ƙafa ɗaya a gidan gaske ta koma inci ɗaya. Ƙofa mai ƙafa 7 ta zama inci 7. Kujera, cokali, kwan fitila, duk a kan wannan awo, ba wanda aka ɗaga wa ƙafa.

Game da kuɗi kuwa, yawancin kayan kyauta ne daga kamfanoni da masu sana'a. Masu Rolls-Royce da Daimler suka ba da ƙananan motoci, masu Singer suka ba da keken ɗinki. Da aka kai shi babban baje-kolin Wembley da ke London a 1924 mutum sama da miliyan 1.6 suka shiga kallo, kuɗin da aka tara kuma ya tafi ga ƙungiyoyin agajin da Sarauniyar ke tallafawa.

Malam Nasiru:
To ka ga ka ƙara mini hujja, Injiniya. Ashe talla ce. Kamfani ya ba da 'yar mota, mutum miliyan ɗaya da rabi su ga sunansa a garejin sarki. Wannan ba kyauta ba ce, kasuwanci ne.

Injiniya Kabiru:
Ban musa ba, akwai talla a ciki, su ma ba su ɓoye ba, sun ce suna so duniya ta ga aikin hannun Ingila bayan yaƙi. Amma talla daban, almubazzaranci daban. Ka zaɓi ɗaya ka tuhume su da shi.

Sule Kafinta:
Salamu alaikum. Maman Sadiq mu kika kira, ga ni. Ku bar maganar kuɗi tukuna, ku ji ta mai zarto.

Mutane suna zaton ƙaramin abu ya fi sauƙi, tunda katakon kaɗan ne. Wallahi ba haka ba ne. In na yi wa amarya durowa, na yi kuskuren kaurin ƙwayar shinkafa a wajen haɗi, ba mai gani, gam da fenti za su rufe mini asiri. A durowar da tsayinta inci uku ne, wannan kuskuren shi ne durowar ta ƙi shiga gaba ɗaya. Sannan yatsa ba ya raguwa. Abin da kake so ka riƙe ya fi farcenka ƙanƙanta, sai da hantsaki, ga numfashinka ma yana iya hure shi ya faɗa cikin dusar katako, shi ke nan ka yi ta lalube.

Amma babbar matsalar ita ce katakon kansa. Kowane katako yana da zanen jikinsa, kuma wannan zane ba ya ƙanƙancewa don kai ka ƙanƙanta aiki. Ka ɗauki maɗaci ka yi teburi mai inci biyu, za ka ga ramukan jikinsa sun yi girma, ido ya gane nan take cewa guntun katako ne aka yanka. Dole ka nemi ice mai laushin jiki da tsantsi, wanda zanensa ya matse. A nan wajenmu da ni ne, kanya zan nema, ko aduwa irin wadda ake sassaƙa allo da ita. Duk wanda ya taɓa shafa tsohon allo ya san abin da nake nufi. Saboda haka amsar tambayarki, e, hannu ne, amma hannun da ya san cewa rabin aikin a wajen zaɓen ice yake.

Anti Rabi Tela:
Malam Sule ka faɗi tawa. Mu namu ya ma fi naku muni, don katako a tsaye yake, yadi kuwa sai ya zuba. Labulen ɗaki yana sauka da lanƙwasa ne saboda nauyinsa. Yanko ɗan ƙyalle inci huɗu daga wannan yadin ka rataya, zai tsaya ƙiƙam kamar kwali. Na sha yi wa jikokina kayan 'yartsana da ragowar atamfa, in ka sa mata zane sai ya buɗe kamar lema, fure ɗaya na atamfar ya cinye gaba da baya. Kalmasa kuwa, ninki biyu kawai ya fi hannun rigar kauri. Masu wannan aiki siliki mai shara-shara suke nema, ko tsohon yadin da wanki ya cinye ya yi laushi, su jiƙa shi da sitaci, su kama kowace lanƙwasa da allura har ya bushe a haka. Zaren ma sai an warware shi an ɗauki sili ɗaya.

Keken Singer ɗin nan da Injiniya ya ambata, yana ɗinki kuwa?

Injiniya Kabiru:
Anti, an yi shi ne ya yi aiki, haka Lutyens ya nace a kan kusan komai. Garmaho na ciki yana juya faifai. Littattafan ɗakin karatu ba katako aka fenta ba, littattafai ne masu shafuka, tsayin kowanne bai kai inci biyu ba, kuma marubuta sama da 170 suka ba da rubutunsu, da yawa da hannunsu suka rubuta. Arthur Conan Doyle sabon ɗan gajeren labari ya rubuta musamman saboda gidan. George Bernard Shaw kuwa da aka roƙe shi ƙi ya yi, ka ga Malam Nasiru yana da magabaci.

Abin da Malam Sule da Anti suka faɗa lissafi ne ke bayansa. In ka rage tsawo sau 12, faɗi sau 12, tsayi sau 12, nauyin abu ya ragu sau 1,728. Shi ya sa labule ba ya zuba. Ruwa ma haka. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne ko a famfon masallaci ko a famfon 'yartsana, don haka a siririn bututu ba ya kwarara yadda muka saba, sai ya taru ya yi ƙullutu a bakin famfo. Mai haɗa famfon gidan nan da halin ruwa ya yi kokawa, ba da ƙarfe ba.

Bashir:
Ni fa an ce har da ɗakin ajiye giya a ƙasa, kuma kwalaben ba fanko ba ne.

Malam Nasiru:
Ka ji ko. A'uzu billahi.

Halima daga Jamus:
Haka ne Bashir, akwai, gidan sarkinsu ne suka kwaikwaya da duk abin da ke cikinsa. Amma ina so in koma kan tambayar Maman Sadiq ta farko, wato me babbar mace za ta yi da shi. A Turai irin waɗannan gidaje tun asali ba na yara ba ne. Wanda aka fi sani a matsayin na farko, wani basarake ne na Bavaria a nan Jamus, Albrecht na Biyar, ya sa aka yi a wajajen 1558. An ce don 'yarsa aka yi, amma da aka gama sai ya sa shi cikin taskar kayan ƙawarsa. Gobara ta cinye shi a 1674. A birnin Nuremberg na Jamus kuma an mayar da abin makaranta: a 1631 wata mata mai suna Anna Köferlin ta yi nata, tana nuna wa 'yan mata yadda ake tsara gida da inda kowane kaya ke zama.

Wanda na tsaya a gabansa na kasa tafiya shi ne na Petronella Oortman a gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam. Ita ba 'yar sarauta ba ce, matar wani attajirin ɗan kasuwar siliki ce. Daga 1686 zuwa wajen 1710 tana haɗa shi. Kabad ne babba, an lulluɓe jikinsa da ƙoƙon bayan kunkurun teku, kuma an ƙiyasta kuɗin da ya ci zai sayi gidan gaske a bakin ruwan Amsterdam. Ƙananan tangaran ɗin ciki daga Sin aka yi odarsu. Akwai kicin biyu, ɗaya na girki, ɗaya na nuna tangaran kawai. Akwai ɗakin mai jego, inda take kwance ana shigowa barka. A can sama akwai ɗakin wanki da guga, an shanya 'yan tufafi a kan sanduna, ga kwanduna, ga wurin tara makamashin hunturu. Na fi daɗewa a wannan ɗakin fiye da falon.

Anti Rabi Tela:
Kicin na nuna tangaran kawai? Halima ai wannan jere ne. Iyayenmu da suka cika bango da fanteka da tasa da kwalla tun daga ƙasa har rufi, wa ya taɓa cin tuwo a ciki? A goge, a jera, mata su shigo su gani su san gidan da kika fito. Ashe ciwon ɗaya ne, ita dai tata ta sa a kabad ta rufe.

Maman Sadiq:
Wallahi Anti kin warware mini. Yanzu na gane matar.

Malam Nasiru:
Jeren ma ai malamai sun daɗe suna magana a kansa, iyaye nawa ya jefa cikin bashi? Kun ga kun dawo inda na tsaya.

Halima daga Jamus:
Malam, in bashi kake nema ga wadda za ta yi maka daɗin misali. Gimbiya Auguste Dorothea ta garin Arnstadt a nan Jamus, ta rasu a 1751. Mijinta ya mutu ya bar ta ba ɗa, sai ta shafe shekaru tana haɗa gari guda na 'yartsana, ɗakuna wajen 80, 'yartsana kusan 400, kuma bashi ya yi mata katutu. Wannan na ba ka. Amma ka ji abin da ke ciki: ba fada kaɗai ba, akwai kasuwa, da mai aski, da masaƙa, da mai sayar da magani, da masu wasa a dandali. Mai son ya san irin tufafin da talakan Jamus ke sawa shekara ɗari uku da suka wuce, can zai je ya gani da idonsa. Kayan sarakuna ana adana su ko ba gidan 'yartsana. Tsintsiya da kwandon wanki da rigar mai aiki fa, wa ke ajiye su? Amfani ake da su har su mutu a zubar. Sai a irin waɗannan gidaje suka tsira.

Malam Tijjani:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Maganar Halima gaskiya ce, kuma ta girmi Turai. A 1920 aka buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban jami'i na zamanin Fir'aunoni, kusa da Luxor a Masar, aka tarar da ƙananan siffofi na katako masu shekara wajen 4,000: rumbun hatsi da magatakarda suna rubuta awo, masu gashin burodi, mata suna kaɗi da saƙa, kafintoci, da wurin da ake ƙidayar shanu a gaban maigida. Yau rabinsu suna Alƙahira, rabi a New York.

Amma akwai abin da nake so zauren nan ya sani game da Wembley, don ya shafe mu. A wannan baje-kolin da aka nuna gidan Sarauniya, an gina wani wuri mai ganuwa irin ta biranen Arewa, aka sa Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau, da Saliyo a ciki. Aka kwaso masu sana'a daga Afirka ta Yamma, masaƙa da sauransu, suna zaune a wurin suna aiki, 'yan kallo suna wucewa suna leƙensu. Ku haɗa hotunan biyu. Gidan Sarauniya an nuna shi da kayansa, ba kowa a ciki, don ko 'yartsana ɗaya ba a sa ba. Namu gidan kuwa da mutanenmu masu rai aka nuna shi. Ɗaliban Afirka da ke London a lokacin sun yi ƙorafi kan yadda jaridu suka riƙa siffanta mutanenmu, cikinsu har da Ladipo Solanke, wanda a 1925 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma. Ina yaba aikin hannun, amma ba na iya kallon gidan nan ban tuna da maƙwabcinsa ba.

Injiniya Kabiru:
Malam Tijjani wannan magana ta yi nauyi, kuma ba ni da abin cewa a kanta sai dai a riƙa faɗarta tare da ɗayar.

Hauwa'u:
Don Allah ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Gidan 'yartsana ba 'yartsana? Me ya sa? Sannan Malam Nasiru, ina hukuncin abin yake? 'Yata ta dame ni in saya mata, kakarta ta ce mutum-mutumi ne ba za a shigo mata da shi gida ba.

Injiniya Kabiru:
Hauwa'u, a ganina dalilin a fili yake. Kujera ƙarama tana iya ruɗin ido har ka ɗauka ta gaske ce. Mutum ƙarami ba ya iyawa, da ka ga fuskar ka san gunki ne a sandare, sai duk ɗakin ya koma abin wasa.

Malam Nasiru:
Malama Hauwa'u, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yartsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawud har ya ga wani doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya tambaya, ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba, ya yi dariya. Daga nan malamai da yawa suka yi sauƙi a kan 'yartsanar yara. Inda aka fi tsanantawa shi ne siffar mai rai da babba zai girke don ado. Ɗaki da kujera da tukunya kuwa ba su da rai, ba wannan ne matsalata da gidan Sarauniya ba. Amma ki bi Hajiya a hankali, kada a ce Malam Nasiru na intanet ya haɗa ki da surukarki.

Ɗan Maraɗi:
Ni abin da ke ba ni haushi, kuna ta Bavaria da Amsterdam kamar mu ba mu iya ba. Wa ya koya mana motar kara? Bayan girbi mu ɗebo karan dawa, mu ɓare bayan da haƙori, totuwar ciki ita ce katakonmu, ɓawon kuma mu tsaga shi siri-siri ya zama ƙusa. Da shi muke yin babbar mota har da bodi da tsani a baya. Da muka girma muka koma gwangwanin madara da waya, taya kuma a yanko daga tsohon silifa, a sa doguwar sanda mai sitiyari, kana tafe kana juyawa ƙafafun gaba suna juyawa. Akwai wani yaro a unguwarmu da ya sa wa tasa ƙofa mai buɗewa da madubin gefe na fasasshen gilashi. Ba wanda ya ce masa gwani, dukan da ya sha kan yawon bola ya fi yabon yawa.

Sule Kafinta:
Ɗan Maraɗi ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Yaran da suka fi saurin kama aiki a shagona duk tsofaffin masu motar gwangwani ne. Sun riga sun san awo da ido.

Maman Sadiq:
To Malam Sule ga ƙalubale. Gidan kakata a cikin birni an rushe shi an yi na bulo. 'Ya'yana ba su san soro ba, ba su san inda randa ke zama ba, ba su taɓa ganin rumbu a tsakar gida ba. Za ka iya yi mana gidan Bahaushe a wannan awo na inci ɗaya? Zaure, shigifa, turaka, ɗakunan mata, madafi da murhunsa, turmi da taɓarya, har jeren da Anti Rabi ta tuna mana.

Anti Rabi Tela:
In za a yi, ni zan ɗauki labule da shimfiɗar gado da tufafin da za a shanya a igiya. Tabarma da faifai sai a nemi mai saƙa, kuma kaba ba za ta yi ba, ta yi faɗi, sai dai a tsaga ta ko a nemi wata ciyawa.

Malam Nasiru:
In don a koya wa yara ne, kuma ba za a ci bashi ba, ni ma zan ba da ɗan allo da tawada a sa a zaure. Amma ban janye maganata kan na Windsor ba.

Injiniya Kabiru:
Ba wanda ya ce ka janye, Malam. Malam Sule, ka lura da abu ɗaya: kada ka ce da jar ƙasa zalla za ka yi bango. Katangar da kaurinta ƙafa biyu ne za ta koma inci biyu, kuma ƙasa a wannan kauri tana bushewa da sauri ta tsattsage, ga tsakuwar ciki za ta fito kamar duwatsu. Ka yi ƙashin ginin da katako, ka tankaɗe ƙasar da rariya mai laushi, ka kwaɓa da gam ka shafe a sama. Zankwaye ka sassaƙa su daban ka dasa. Rufin ciki kuma a bar gefe ɗaya a buɗe don a ga yadda ake jera azara.

Sule Kafinta:
Na ji, kuma zan gwada zauren tukuna kafin in yi alkawarin gida guda. Maman Sadiq ki tambayi manya a gidanku faɗin zauren da tsayinsa, ko da taku ne su faɗa, ni zan mayar da shi inci. Ki tambaya kuma ƙofar tana kallon gabas ne ko kudu, da ko akwai dakali a waje. Tukwane da randa ba aikina ba ne, sai an samo mai ginin tukunya da za ta yarda ta yi abin da bai fi kan yatsa ba. Bashir, kai da ke yawo a kasuwa, wannan aikinka ne.

Bashir:
Na karɓa. Amma Injiniya, wannan gidan kada a sa masa wuta da famfo, a bar shi yadda muka saba.